Ƙarƙashin Jujin Mama

Zalesno, 18 ga Afrilu, 1993

Lusia ƙanwata,

Gaisuwa daga ni da Mama, da tsohon karenmu da har yau ya ƙi mutuwa. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, kuma tsohon malamin da kike jinya a can Kassel ya daina jifan ki da silifa. Mu dai lafiya lau. Ƙafar Mama ta kumbura kafin Ista, amma kumburin ya sauka. Ƙunshin da kika aiko daga Jamus ya iso. Mama ta ɓoye gahawar a saman kabad, wai sai Kirsimeti.

Kin tambayi abin da nake yi tun da aka rufe mahaƙar kwal ɗinmu. Kada ki yi dariya. Shekara ashirin da biyu ina haƙa ƙasa saboda gwamnati, yanzu juji nake haƙa saboda kaina. Tsofaffin kwalabe nake nema, irin waɗanda Jamusawan da suka zauna a ƙauyukan nan kafin yaƙi suka zubar.

Abin yana da ilimi fa. Kowane tsohon gida da inda yake zubar da shararsa: bayan ɗakin ciyawa, ko gangaren rafi, ko ƙarshen lambun tuffa. Inda kika ga ciyawar nan mai ƙuna ta yi duhu ta fi ta ko'ina tsayi, to akwai toka a ƙasa. Na sa maƙeri ya yi mini sandar ƙarfe mai tsawon mutum. In na soka ta a ƙasa zalla, shiru take shiga. In akwai gilashi kuwa, tafin hannuna ne yake jin ƙaras-ƙaras kafin kunnena. In na zaro na ga bakinta ya fito da farar toka, sai in tuɓe riga.

Na samo kwalaben giya masu sunan kamfani a jikin gilashin, da murfinsu na tangaran. Na samo ƙananan kwalaben tawada, da wata shuɗiya ta guba mai tsaga-tsaga a jiki. Ranar Lahadi nakan kai su kasuwar tsofaffin kaya a Wroclaw. Tsofaffin Jamusawa suna zuwa da bas. Makon jiya wani ya ga sunan garinsu a jikin kwalba, ya riƙe ta yana hawaye, ni kuwa na rasa inda zan sa idona.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Juji mafi kyau a duk Zalesno yana gidanmu. Tudun tokar nan da ke bayan ɗakin ciyawa nake nufi. Na soka sanda a gefensa, ko'ina gilashi ne. Ban ko zaro ta ba sai ga Mama a bayana da bokiti a hannu.

Ta ce, "Cire wannan ƙarfen."

Na ce, "Mama, dubawa kawai nake yi."

"Ka tone jujin kowa a garin nan, har na Fada limamin coci in ka ga dama. Wannan ka bar shi."

"Toka ce kawai fa."

"Tokata ce."

Ranar ba ta ci abincin rana ba. Ke da take jin maganarki, ki rubuto mata. Ki ce mata ɗanta ba ɓarawo ba ne, abinci yake nema.

Yayanki,
Zenek

Kassel, 3 ga Mayu, 1993

Yaya Zenek,

Takardarka ta iso, na ji daɗin jin kuna lafiya. Ni ma lafiya, in ban da ciwon baya saboda ɗaga tsohon nan. Ya daina jifa da silifa, yanzu waƙoƙin makaranta yake koya mini dole. Ka ce wa Mama ta sha gahawarta, zan aiko da wata. Ka kuma tabbata tana ɗora ƙafar a kan kujera in ta zauna.

Na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba. Injiniyan bola! Da Baba yana raye da ya ce dama tun kana yaro ba ka wuce datti ba ka taɓa ba. Amma sana'a ce, kuma ta fi zaman mashaya da sauran abokan aikinka suke yi.

Maganar jujin gida kuwa, ba zan rubuta wa Mama ba. Kai zan roƙa ka bari. Ka tuna sau nawa Mama ta taɓa duka na? Sau ɗaya. Ina shekara bakwai, na je wurin da cokali ina tono tana don kamun kifi. Ta mare ni har sai da kunnena ya yi ƙara, daga baya ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, na ji tana kuka.

Tun da na karanta takardarka nake ta tuna wasu abubuwa. Akwai ramin shara kusa da ƙofar kicin, amma ko dusar ƙanƙara ta kai gwiwa sai ta ɗauki tokar murhu ta kai can baya. Kuma ka taɓa ganin ta zuba ruwan wanke-wanke ko kashin kaji a wurin? Ni ban taɓa gani ba. Toka da kwalabe kawai.

Ban san dalili ba, kuma ina ganin ba lallai ne mu sani ba. Shekararta sittin da tara, zuciyarta ba ta da ƙwari. Ƙauyuka nawa ne a tsaunukan nan? Je ka tone nasu.

Na san ka. In aka ce maka kada, ji kake kamar an ce maza. Wannan karon ka ji maganar ƙanwarka.

Taka,
Lusia

Zalesno, 31 ga Mayu, 1993

Lusia,

Muna nan da rai. Ban san yadda zan ce lafiya ba. Ki karanta wannan ke kaɗai. Kada ki bugo waya gidan waya, kin san matar da ke haɗa layin ba ta ajiye kunnenta.

Ban ji maganarki ba. Jiya Lahadi Mama ta bi matan coci ziyarar ibada, bas ɗinsu ya tashi da safe. Na ce zan haƙa kaɗan in mayar kafin ta dawo.

Sama-sama namu ne, kwalaben kokwamba da na magungunan Baba. Da na kai ƙugu sai na faɗa cikin na Jamusawa, a jere, yawancinsu ko tsagewa ba su yi ba, kamar ajiye su aka yi ba zubarwa ba. Kwalaben magani sun fi goma. Har da ta shayar da jariri. Daga nan shebur ya bugi ƙarfe. Bahon wanka ne ƙarami na kwano, a kife.

Ƙarar ce ta jawo maƙwabcinmu Gajda. Ya leƙo ta saman shinge yana cewa, "Zenek, azurfar Bajamushe ce? A raba da ni fa, shingena ne ya yi maka gadinta shekara da shekaru!"

Na ce ya je ya kula da aladunsa. Na juya masa baya, na ɗaga gefen bahon.

Lusia, ƙasusuwa ne. Na yaro, ƙarami ƙwarai, da sauran ƙyalle a jikinsu. Na ga gawa a cikin mahaƙa ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Na mayar da bahon, na tura ƙasa. Gajda yana tsaye yana kallo har na gama. Ban san iya abin da ya gani ba.

Mama ta dawo da yamma rana ba ta faɗi ba. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta zagaya baya, kamar an gaya mata. Ta ga sabuwar ƙasa. Ta zauna a kan kututturen faskare.

Na ce, "Mama, ɗan wa ne?"

Ta ce, "Yarinya ce. Ta Bajamushiyar da muka tarar a gidan nan."

"Wa ya yi wannan?"

"Ni na yi. Da hannuna. Ubanku bai taɓa sani ba."

Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba, har yanzu da nake rubutun nan. Na tambaya, na roƙa, na yi faɗa. Tana dafa abinci, tana ajiye mini, ba ta kallo na.

Me zan yi? Rubuto da sauri.

Zenek

Kassel, 7 ga Yuni, 1993

Yaya,

Yesu da Maryamu. Na karanta takardarka sau biyar a tsaye a kicin, har madarar tsohon ta ƙone. Ni lafiyata ƙalau, ka bar wannan.

Na ce ka bari. Amma ba lokacin wannan maganar ba ne.

Ka tuna Kawu Staszek, ƙanin Mama. Shekararsa goma sha biyu sojojin Jamus suka harbe shi a gabanta, a ƙauyensu na can gabas, saboda ya gudu da akuya. Shekara biyu bayan haka aka loda su a jirgin ƙasa aka kai su Zalesno, aka ce ta zauna gida ɗaya da Bajamushiya, su yi girki a murhu ɗaya. Tana da shekara ashirin da biyu. Ban san abin da ke faruwa a zuciyar mutum a irin wannan hali ba. In Mama ta kashe yarinyar nan, ba ni zan yi mata shari'a ba. Tsakaninta da Allah ne. Amma ba zan yarda a ja tsohuwa zuwa kotu ba, a buga sunanmu a jarida, jikokin Gajda suna nuna ta da yatsa a coci.

Ka saurare ni. Ka san tsofaffin ramukan kwal da ke cikin daji fiye da kowa. Ka kwashe abin da ke ƙarƙashin bahon, ka sa a buhu, ka jefa a wanda ya fi zurfi. Ka zuba ƙasusuwan kare ko na ɗan maraƙi a wurin. In Gajda ya yi magana, ka kira shi ya gani da idonsa.

Da zan iya da na taho yau. Amma na wuce wata ukun da aka ba ni na zama a Jamus tuni. In na tsallaka iyaka za su buga mini hatimi, ba zan sake dawowa aiki ba.

Ka ƙona takardar nan da zarar ka gama karantawa.

Lusia

Kassel, 9 ga Yuli, 1993

Yaya Zenek,

Ina gaishe ku. Wata guda ke nan da kwana biyu, ba layi ko ɗaya daga gare ka. Kullum ina tsaye a taga lokacin da mai raba wasiƙu yake wucewa, har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa.

Takardata ta iso? Ka yi abin da na ce? An kama ka ne? Mama tana raye?

Na buga waya gidan Fada sau biyu. Mai yi masa girki ce ta ɗauka, ta ce, "Ai gara ɗan'uwanki ya gaya miki da kansa," ta ajiye. Me wannan yake nufi? Ko kalma uku ce ka rubuto. Ba na iya cin abinci.

Lusia

Zalesno, 21 ga Yuli, 1993

Lusia,

Mama tana raye. Ta dawo daga asibiti mako biyu da suka wuce. Tana takawa daga gado zuwa taga. Ni ma ina nan. Ban rubuto ba ne saboda duk lokacin da na ɗauki biro, abin da yake fitowa ba abin da ake aika wa ƙanwa ba ne.

Gajda ya yi kwana goma yana bi na. Ya tabbata azurfa ce na ɓoye. Ya zo da kwalbar barasa, ya zo da murmushi, daga baya ya zo da barazana. Da ya gaji sai ya je ya kai ƙara cewa na tono dukiyar gwamnati na ɓoye. 'Yan sanda suka zo neman azurfa da shebur ɗinsu, suka tarar da abin da na tarar. Suka tafi da ni gari, na yi kwana biyu a hannunsu.

A rana ta biyu takardarki ta iso.

Mai raba wasiƙu ta miƙa wa Mama. Ta ga rubutunki, ta zaci labari mai daɗi ne, ta buɗe. A lokacin 'yan sanda uku da likita suna bayan ɗakin ciyawa suna tankaɗe toka. Ta karanta a kicin, ta ninke, ta cusa a cikin rigarta. Ta dafa musu shayi ta kai musu. Tana dawowa da faranti ta faɗi a bakin ƙofa. Ciwon zuciya ne.

Ko a asibiti ba ta yarda an cire mata rigar ciki ba sai da na iso. Ta damƙa mini takardar, ta ce, "Ɓoye wannan. In suka gani, 'yar'uwarka za su kama." Sai ta juya fuskarta bango.

Ban ce ba ni da laifi ba. Ni na tona, ni kuma na rubuta miki rabin magana. Amma cewa na yi ta ce ita ta yi. Ban ce kisa ba. Ke kika sa wannan kalmar. Ni ma abin ya zo mini a rai, ba zan yi miki ƙarya ba, sai dai ban rubuta shi da tawada ba. Kuma buhu, Lusia? Ramin kwal? Jaririya ce fa.

Likitan ya ce yarinyar ba ta kai shekara ba, babu karaya ko alamar duka, kuma ta daɗe a ƙasa tun ƙarshen yaƙi. Mama ta yi wa mai binciken bayani a gadon asibiti, an rufe maganar. Fada ya yarda aka binne ta a maƙabartar coci, kusa da katanga. Mu huɗu ne a wurin. Gajda ya zo ya tsaya daga nesa da hularsa a hannu. Ban gaishe shi ba.

Na ji labarin yanzu, amma Mama ta sa na rantse ba zan rubuta miki ba. Ta ce in za ki ji, daga bakinta za ki ji. Na tambaye ta yaushe. Ta ce, "In na iya kiran sunanta ba tare da ƙirjina ya riƙe ba."

Kada ki aiko da ƙunshi yanzu. Na ƙarshen yana nan ba ta buɗe ba.

Zenek

Zalesno, 15 ga Agusta, 1993

Lucyna,

Uwarki ce. Ki yi haƙuri da rubutun. Ina shan magunguna. Ina fata kina cin abinci, Zenek ya ce ba kya ci.

Sunan matar Elfriede Kuhnert. Gidansu ne. Mijinta bai dawo daga yaƙi ba. Da aka ba mu gidan a ƙarshen kaka, ni da ubanku muka ɗauki ɗakinta da gadonta, ita da jaririyarta suka koma ƙaramin ɗakin da ke bayan kicin. Sunan yarinyar Traudel. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Na tsane ta kafin in san fuskarta. Kin yi gaskiya a nan, saboda Staszek ne.

Akwai saniya ɗaya. Tata ce, amma an rubuta ta da sunanmu. Ita kuwa Elfriede nononta ya ƙafe saboda yunwa. Takan zo da kofi ta tsaya a bakin ɗakin ciyawa in ina tatsa. Wata biyu ina juya mata baya. Wata biyu, Lucyna. Sai ranar da na ga ƙafafun yarinyar na fara cika mata kofin. Lokacin ta riga ta rame. Da ciwon maƙogwaro ya shigo ƙauyen cikin Fabrairu, ba ta da ƙarfin da za ta yi faɗa da shi. Mun ɗura mata duk maganin da ke gidan. Na taka har gari cikin ƙanƙara neman wani, ban samu ba.

Ta mutu da safe. Kafin tsakar rana aka zo da takarda cewa duk Jamusawan ƙauyen su taru a tasha washegari, kowa da abin da zai iya ɗauka. Ubanku yana gari. Limamin cocinsu an riga an tafi da shi. Maƙabartarsu kuwa ɓarayi sun tone ta suna neman zobba da haƙoran zinariya. Elfriede ta nuna mini maƙabartar da hannu, ta girgiza kai. Na gane.

Ƙasa ta daskare kamar dutse ko'ina, sai ƙarƙashin tokar murhu da ke bayan ɗakin ciyawa. Ita ba ta iya ɗaga diga. Ni na haƙa. Ta naɗe ta a mayafin tebur, muka kifa bahon wankanta a kanta. Ta yi addu'a da yarenta, na yi da nawa.

A shekarun nan maza suna yawo gida-gida da sandunan ƙarfe, suna soka duk inda suka ga sabuwar ƙasa, suna neman abin da Jamusawa suka binne. Shi ya sa na kwashe kwalaben gidan duka na jera a kai, na rufe da toka. Ba wanda yake neman azurfa a juji. Da za ta tafi, Elfriede ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta faɗi wata magana. Ban ji kalmomin ba, amma na ce to.

Ban gaya wa ubanku ba, don a lokacin wanda aka ce yana tausayin Bajamushe ba ya kwana lafiya. Daga baya na rasa ta inda zan fara.

Kin rubuta cewa in na kashe ta. Na yi fushi da ke ƙwarai. Amma na kwanta a asibiti ina tunani, na ga abin da ya kayar da ni ba ƙaryar da ke cikin maganarki ba ce. Ban shaƙe ta ba, ban buge ta ba. Sai dai shekara arba'in da bakwai ina tambayar kaina game da kofin nan, sai ga 'yata ta rubuta amsar da nake tsoro.

Abin da ban yafe miki ba tukuna shi ne buhun.

Kina jin yarensu, kina ƙasarsu. Nemo ta. In ta mutu, nemo nata. Ki gaya musu inda yarinyar take yanzu. Ki gaya musu maganar madarar ma, kada ki rage komai.

Uwarki,
Apolonia

Kassel, 12 ga Oktoba, 1993

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina roƙon Allah ya ƙara miki sauƙi. Ina cin abinci. Na rubuta miki takardar ban haƙuri sau da yawa na yaga, don na ga ba ita kika nema ba. Aiki kika ba ni, na ce ba zan rubuto ba sai na gama shi.

Na same ta. Tana raye.

Tsohon da nake jinya ne ya nuna mini hanya. Akwai wata ƙaramar jarida da mutanen da aka kwaso daga yankinmu suke bugawa. Na sa sanarwa a ciki, na jira mako shida. Sai ga kati, layi biyu da adireshi a wani ƙaramin gari kusa da Paderborn. Na je ranar Lahadi da jirgin ƙasa.

Shekararta saba'in da huɗu, siririya, tana dogara sanda. Ta sake aure, tana da 'ya'ya maza biyu manya. Ba ta ba ni hannu ba. Ta nuna mini kujera ta ce, "Ke 'yar Pola ce. Goshinku ɗaya."

Na gaya mata komai, har da yadda Zenek ya tona, har da abin da na rubuta. Na karanta mata takardarki ina juyawa da yarensu. Da na zo kan madarar na tsaya, ta ce, "Ci gaba. Ina wurin ai."

Na karanta har ƙarshe. Sai ta ce, "Madarar ban manta ba. Na yi shekaru ina tsine mata a kanta. Kada ki gaya mata na ce ba komai, don da komai."

Na ce to.

Ta ce, "Amma na ga tafin hannunta ranar nan bayan ta gama haƙa. Duk ya fashe. Shi ma ban manta ba." Sai ta tambaye ni, "Kafin ɗan'uwanki, akwai wanda ya taɓa wurin? Karnuka? Masu sandunan nan?"

Na ce babu ko ɗaya. Na ce har bana kina kai toka, ko ƙanƙara ta kai gwiwa.

A nan ne ta rufe fuska da hannu biyu. Mama, 'ya'yanta ba su san sun taɓa yin yaya mace ba. Mijinta na biyu ma ya mutu bai sani ba. Ta ce ta ɗauka tuntuni an yi hanya ko an gina wani abu a kanta. Ta rubuta mini cikakken sunan da ranar haihuwa don a sa a gicciye: Waltraud, 9 ga Afrilu, 1945.

Tana so ta zo ranar tunawa da matattu, ɗaya ga Nuwamba, ta kunna kyandir. Ba za ta iya tafiyar ita kaɗai ba, kuma ba ta shirya gaya wa 'ya'yanta ba. Na ce zan kawo ta. Na san za a buga mini hatimi a iyaka. Na riga na gaya wa 'yar tsohon ta nemi wata mai jinya.

Ta ce in gaya miki ba za ta kwana a gidan ba, kuma ba za ta zagaya bayan ɗakin ciyawa ba. Amma in kin yarda, za ta shiga kicin ta zauna kaɗan.

Ni ma tambayar da nake yi ke nan, Mama. In kin ce in tsaya a maƙabarta in juya, zan juya.

'Yarki,
Lucyna

Zalesno, 20 ga Oktoba, 1993

Lusia,

Ku taho ranar Asabar ta ƙarshen wata. Zenek zai tarbe ku a tashar bas da motar Gajda, shi ya ba da ita ba a roƙe shi ba. Na sa kafinta ya fara gicciyen.

Ki ce mata murhun yana nan inda ta bar shi. Ta sa riga mai kauri, akwai iska a tudun maƙabarta.

Ke ma ki sa. Na shimfiɗa miki gadonki.

Mama